Ɗakin Bayan Shagon Tela

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka?

Kawu, mantuwar Mama ta ƙaru. Kullum sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta zauna bakin ƙofa tana cewa a mai da ita gida. Shekaranjiya ina wurin aiki ta fice. Mai kayan miya ne ya tsinto ta a tsakiyar babban titi, motoci na ta zuba mata hon.

Wane gidan take nufi? Ka san aikin Baba na jirgin ƙasa bai taɓa barin mu mun ɗumama wuri ba. Na kai ta gidan bakin tasha, na kai ta benen nan mai yoyo inda aka haife ni. Leƙawa kawai ta yi ta ce, "Ba nan ba." Maƙwabta sun ce in riƙa kulle ta. Ni dai ba zan iya sa wa uwata kwaɗo ba.

Kai ne ƙaninta, kai kaɗai ka rage da ka san farkonta. Ka taimake ni.

'Yarka,
Auta

Auta sarkin kuka,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan, ta tsufa ba ta shawarce ni ba.

Kin sha yawon banza, 'yar nan! Abin da take nema ko gida bai kai ba. Ɗaki ne a bayan shagon wani tela, tun ba a san za a yi ki ba. Lokacin babanki na kwance asibiti da karaya, mai gidan haya ya watso mata kaya waje, ga ta da tsohon cikin yayanki. Telan nan, ba dangin iya ba na baba, ya kwashe ƙyallayensa daga ɗakin ajiya ya ce ta shiga. Ɗakin in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa bango. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ƙi. Wai muddin tana jin ƙarar keken ɗinki ta bango, ta san ba ita kaɗai ba ce a duniya. In keken ya yi shiru sai ta ƙwanƙwasa bango, shi kuma ya ce, "Ina nan, zare nake sawa."

Kada ki wahalar da ita da tafiya. Telan ya daɗe da rasuwa, Allah ya kai haske kabarinsa, wurin kuma gidan mai aka gina.

Ki gaishe ta, ko ba ta gane ni ba.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Sarkin kukan ta yi kuka, ba sai ka tambaya ba. Ashe mutumin da ban taɓa jin labarinsa ba shi ya rufa mana asiri.

Da na duba, in mun watse aiki gidan nan tsit yake yi kamar mutuwa ta gifta. To akwai wata mai ɗinki a layinmu, rumfarta duk ruwan da aka yi sai ya jiƙa mata kayan mutane. Na kwashe tarkacen ɗakin ajiyarmu, wanda ya haɗa bango da na Mama, na ce ta shiga. Ta ce kekenta na ƙafa ne, ƙara gare shi kamar injin markaɗe, zai dame mu. Na ce ai shi nake so. Na kuma koya mata abin da za ta ce.

Maigidana ya ce tela ba likita ba ne. Ni ma tsoro nake ji. Ka sa mu a addu'a.

Auta

Kawu,

Gaisuwa a gurguje. Jiya da hantsi keken ya tsaya, na ji Mama ta ƙwanƙwasa bango. Mai ɗinki ta ce, "Ina nan, zare nake sawa." Mama ta ce, "To, sannu da aiki."

Da na shiga na tarar ta kwance ƙullin, tana jera zannuwanta a akwati. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma ina kika shiga? Tun ɗazu muka iso."

Na gode, Kawu. Allah ya bar mana kai.

Auta