Hanyar Rijiya a Cikin Hoto

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwar da ta riga shi gidan gaskiya, da fatan makwancinki ya fi wannan bazara tamu sanyi.

Inna, an ba mu wani aiki a kwalejin horon malamai. Malamarmu ta ce kowa ya ɗauko tambaya ɗaya daga garinsu, ya bi diddiginta a intanet har ya kai tushe, don haka za mu koyar da yara gobe: ba cusa masu amsa ba, a bar su su tono da kansu. Ni gwanin wayo, sai na zaɓi wadda nake ganin na riga na sani: me ya ƙafar da tafkinmu na gabas da Tsamaye?

Kin tuna shekarar da fari ya soma? Na dawo hutu daga garin Isa da sabuwar waya, kai ya kumbura. Kika ce ƙarancin ruwan sama gaskiya ne, amma rairayi ne ya toshe bakin koramar da ke shayar da tafkin, in tara samari mu yashe shi kafin damina. Na yi dariya, na karanto miki bayanin sauyin yanayi, har da Turanci. Kika ce, "Wagga waya taka ta taɓa shan ruwan tabkinmu? Tai ka gani da idonka." Ban je ba.

A cikin aikin, sai an gwada hotunan wuri ɗaya da aka ɗauko daga sama, na da da na yanzu. A tsohon hoto korama na nan kamar zare, ta shiga tafki. A sabon, rairayi ya tare bakinta, ɗan ruwan da aka samu ya karkata ya bi daji. Daidai inda kika faɗa.

Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Wata siririyar hanya ce da babu ita a tsohon hoto, ta tashi daga bayan gidanmu ta miƙe har rijiyar nan mai nisa da kuka koma ɗiba bayan tafkin ya ƙafe. Ƙafafunku suka fitar da ita, ke da matan unguwa, da jarka a ka. A kan hanyar nan kika kwaso tarin da bai sake ki ba. Akwai wani baƙin ɗigo a tsakiyarta. Na sani wataƙila jaki ne, ko tumfafiya. Duk da haka kullum sai na buɗa shi da yatsu biyu har hoton ya dushe, ina neman zanenki.

Malama ta yaba, ta ce na yi bincike mai zurfi. Kunya ta rufe ni. Abin da na kwashe makonni ina nema, kin ba ni shi kyauta a tsakar gida kina surfe.

An tura ni gwajin koyarwa a Sabon Birni. Na ce wa ɗalibaina kowa ya fara tambayar tsohuwar gidansu, sannan mu taɓa waya. Ran Asabar kuma za ni bakin koramar da shebur, mai unguwa ya ce samari za su fito. Na makara da aikenki, Inna, ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara ba tare da kin taka ko taku ɗaya ba. Amin.

Ɗanki mai taurin kai,
Mamman