Sun ce in kori karen in riƙe bindiga

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, domin rabin matan da za su karanta wannan sun san fuskata, wasu ma sun ci wainata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, wallahi kaina ya kulle.

Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Bronx wajen University Heights, ni da mijina da 'yarmu guda ɗaya mai shekara bakwai, zan kira ta Nana. Mijina direban tirela ne, daga wannan jiha zuwa waccan, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba, saboda haka yawanci daga ni sai yarinya a gidan. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, ƙarshen mako kuma ina yin waina da miyar taushe in ana suna ko walima. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya mutuwa, na taɓa tsare wani ƙato a Fordham Road da ya bangaje ni, ban bar shi ya wuce ba sai da ya ba ni haƙuri. Har kurin hakan nake yi a cikin mata, ashe in ka ji ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba.

Bara da sanyi ya fara shigowa, na dawo daga aiki da la'asar, rana ma ba ta faɗi ba, wani mutum ya biyo ni zai shiga gininmu, ni da hannuna na riƙe masa ƙofa na ɗauka maƙwabci ne. Muka shiga lif tare, ƙofar na rufewa ya zaro wuƙa ya ɗora min a wuya ta saman hijabi. 'Yan uwa, daskarewa na yi. Ba ihu, ba kokawa, ko a'uzubillahi ta ƙi fitowa daga bakina. Ya fizge jakata, a ciki akwai makullan gida da katina mai ɗauke da adireshi, ya tsaya a gabana ba gaggawa ya karanta sunana da lambar ɗakinmu, sannan ya ce min da Turanci zai zo ya gaishe ni wata rana. 'Yan sanda sun zo sun duba kyamara, fuskarsa a rufe take, har yau ba a kama shi ba.

Mun canza makulli, amma barci ya ƙaurace min. Na daina shiga lif, hawa biyar nake takawa da kayan cefane ina haki. In ina sallah na ji motsi a baranda sai in sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Mijina ya dawo ya yi 'yan kwanaki yana lallashina, ya ce Allah zai tsare, ya koma kan hanya, kuma ban ga laifinsa ba don da tirelar muke ci. Azkar na safe da yamma ban bari ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ita ta ga yadda nake ramewa, ta ce in shirya ta kai ni wani wajen koyon harbi a Pennsylvania, in na ga zan iya sai in nemi lasisi. Na tafi da ƙarfin gwiwata. Matar da ke koyarwa ba ta fara da bindiga ba, zaunar da mu ta yi ta ce kowa ya tambayi zuciyarsa, in ɗan adam yana tsaye a gabanka da ido da hanci, za ka iya danna kunamar ko ba za ka iya ba. Ta ce wanda ya zaro bindiga ya tsaya yana shawara, kyautarta ya kawo wa ɓarawo. Da aka kai ni gaban takardar da aka zana siffar mutum, na harba sau ɗaya, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana, na ajiye bindigar na fita waje na yi ta amai. Matar ta biyo ni ta ce ba abin kunya ba ne, gara na sani a nan da in sani a ranar da ba gyara. Na yarda da ita, ni na san kaina yanzu, ba zan iya harbin mutum ba.

Ana haka tsohon da na daɗe ina kula da shi ya rasu. Yana da wani babban kare irin na 'yan sanda, mai horo, sunansa Bruno. Ni da farkon zuwana gidan sai an ɗaure shi nake shiga, amma zama ya sa ya saba da ni har yana jin maganata. Ɗan tsohon ya ce ba shi da wurin ajiye shi, ya kuma san abin da ya same ni, ya ce in ina so in ɗauka. Na kira mijina ina kuka, ya ce to, amma na ɗan lokaci. Gininmu ba a hana kare, maƙwabtanmu da yawa suna da su. Ranar da Bruno ya kwanta a bakin ƙofarmu, ranar na yi barcin da har na makara sallar asuba.

Kada ku ɗauka wai na zama Baturiya. Ni ma a gidan da ko inuwar kare ba a so na tashi, kuma har gobe ba na bari ya lashe ni. Na sa shinge, ba ya shiga kicin, ba ya shiga ɗakin da nake sallah. Kayan da nake fita da shi daban, kwanonsa daban, har safar hannu nake sawa. Ƙasar wanke abin da bakinsa ya taɓa ma, da yake nan ko'ina siminti ne, a buhu nake sayenta wajen masu sayar da furanni. Wahala ce, amma na ɗauka da hannu biyu, domin wata ranar Asabar da hantsi ina tuyar waina Nana na kallon katun a talabijin, na ji ana zura makulli a ƙofarmu ana murɗawa, ya ƙi buɗewa ana sake gwadawa. Mijina yana Texas a lokacin. Kafin in motsa Bruno ya daki ƙofar da ƙirjinsa da wani irin haushi da ban taɓa ji ba, sai ƙarar gudu muka ji a matakala. Na kira 'yan sanda, kafin su iso ba kowa. Ku gaya min, wa ke da tsohon makullin gidana in ba mutumin nan ba?

Inda asirina ya tonu, dokar garin nan ce in karenka ya yi kashi a titi kai za ka kwashe. Wata baiwar Allah, na san ta kuma na bar ta da Allah, ta hango ni da hijabina har ƙasa na sunkuya da leda ina kwashewa, maimakon ta yi min magana sai ta ɗauki bidiyo ta tura guruf ɗin mata. Kafin yamma ya kai Kano. Sunan da aka yi bayan nan, kular wainata yadda na kai ta haka aka dawo min da ita, ko ɗaya ba a taɓa ba, mai jegon tana ta kame-kame wai abinci ne ya yi yawa. Matan da muke cin abinci a faranti ɗaya yanzu in na miƙa hannu a masallaci sai su ba ni yatsu biyu. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce kare don tsaro ya halatta in akwai larura, ɗayan ya ce a cikin gidan da ake kwana ba zai yiwu ba, mala'ikun rahama ba za su shigo ba kuma ladana na raguwa kullum. Na fito na fi shiga ruɗewa.

Duk wannan zan iya shanyewa, abin da ya fi ƙarfina shi ne Hajiya, mahaifiyar mijina, za ta zo ganin likita, jirginta zai sauka a filin jirgin JFK ranar Juma'a mai zuwa, kuma tun asali a wajena aka shirya za ta sauka. Yayan mijina, wanda ke tuƙa tasi kuma shi ya kawo mijina ƙasar nan, shi ne babba a wajenmu, maganarsa ba a tsallake ta. Ya zo ya ƙi shigowa, a baranda ya tsaya yana toshe hanci. Ya ce na zubar musu da mutunci, ana nuna gidansu da baki a unguwa, uwarsu ba za ta sa goshinta a ƙasa a gidan kare ba. Na durƙusa na gaya masa zancen makullin, na ce Yaya mutumin nan ya dawo fa. Ya ce ai ya sani, shi ya sa bai zo hannu rabbana ba. Sai ya miƙo min kwalin takalmi a cikin leda, na buɗe, ƙaramar bindiga ce da harsasai a naɗe cikin tsohuwar singileti. Wai wani abokinsa ne ya samo masa daga wata jiha. Na ce ba ta da lasisi, in aka kama ni da ita ɗauri ne, takardun zamana ma su tafi. Ya ce wa zai sani, ita bindiga ba ta haushi, ba ta kashi a titi, ba ta hana sallah. Na ce ba zan iya harbi ba, na gwada. Ya yi dariya ya ce ke da kike tare maza a titi. Ya ajiye kwalin a bakin ƙofa ya juya, ina kira yana sauka, dole na ɗauka na shigo da shi don ba zan bar shi a baranda yaran maƙwabta na wucewa ba.

Na kira mijina ina zaton zai tsaya min, tunda shi ya ba ni izini. Ya ce shi ma bindigar ba ta kwanta masa ba, amma tunda yake bai taɓa musu da Yaya ba, kuma Hajiya ta kira shi tana kuka a kan bidiyon. Na ce to mu tashi daga gidan, ya ce yarjejeniyar haya ba ta ƙare ba, kuma na fi kowa sanin yadda samun gida yake a garin nan. Na ce Hajiya ta sauka wajen Yaya, ni zan riƙa kai mata abinci kullum. Ya ce abincin da wa zai ci? A ƙarshe ya faɗi maganar da tun da muka yi aure bai taɓa faɗa min irinta ba, ya ce in uwarsa ta sauka a wani gida saboda kare, to in sani ni na zaɓa, kada in zargi kowa da abin da zai biyo baya. Mata kun san ma'anar wannan. Kuma wallahi ina son mijina, mutumin kirki ne, an dai matse shi ne.

Don kada a ce taurin kai nake, na gwada. Na kai Bruno wajen abokiyar aikina ya yi ƙarshen mako a can. Na jingina kujera a ƙofa, na zauna a ƙasa da taɓarya a hannu, duk wanda ya fito daga lif sai in zabura in miƙe. Nana ta yi ta tambayata me ya sa nake kuka. Ko sau ɗaya hannuna bai kai kan kwalin ba, tsoronsa nake kamar yadda nake tsoron mutumin. Litinin da sassafe na je na ɗauko karena ina jin kunyar kaina.

Kwalin yana saman wadirof, na tura shi can ciki bayan akwatuna. Na rasa yadda zan yi da shi, Yaya ya daina ɗaukar wayata, in na kai wa hukuma ina tsoron a tambaye ni inda na samo in jefa shi a masifa, in jefa aurena tare da shi. Yau da safe na fito daga wanka na tarar Nana ta jawo kujerar cin abinci har gaban wadirof ta hau, tana ɗage a kan yatsun ƙafa, hannunta ya kusa kaiwa. Na daka mata tsawar da ta sa ta faɗo. Tana kuka tana ce min da Turancinta, Momi ai takalmin da Baffa ya kawo min nake so in gani, me ya sa kika ɓoye min.

Yanzu haka na kulle ɗakin, makullin yana ɗaure a bakin zanina, na kasa zuwa aiki. Karen da ake ƙyama yana kwance a bakin ƙofa, abin da aka ce shi ne mai tsarki yana ɗakin da 'yata ke kwana, Juma'a kuma tana matsowa. Malamai na wannan zaure, ku gaya min tsakaninku da Allah, in na riƙe karen nan ina cikin saɓo ne? Waɗanda suka san dokar garin nan, ta yaya zan rabu da kwalin nan ba tare da an ɗaure kowa ba? Matan aure kuma, in ku ne, za ku kori karen ku tsira da aurenku, ku zauna ku da 'yarku kuna jiran ranar da za a sake murɗa ƙofa? Don Allah ku amsa min da wuri, ina ta duba waya.