Gashin da Aka Zaro Daga Bututu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da mamanku, in ta yarda a gaishe ta.

Lokacin da ake gina gidan nan na ji magina suna hira, wai saiwar bishiya tana jin ƙanshin ruwa, har takan bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga bututun banɗaki ta yi zamanta. Na yi dariya, na ce su nuna mini inda hancinta yake. Kwanan nan maganar ta dawo mini, amma dariyar ba ta biyo ta ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da mamanku ta tafi wajenki. Kin san kunnena ba ya shiri da waya, ita kuma ko na kira ba ta ɗauka, shi ya sa na ba direban motar haya wannan takarda. Na san ta ba ki nata labarin, ga nawa. Banɗaki ya toshe karo na uku cikin wata biyu, ruwa ya malalo har tsakar gida. Mai gyaran famfo ya buɗe murfin ramin da ke ƙofar gida, ya zura wayarsa, ya zaro wani curi baƙi mai silli-silli. Tela da matarsa suna tsaye, mai kanti ma ya leƙo. Raina a ɓace, na ɗaga abin da sanda na ce, "Ga gashinki nan, ashe nan yake taruwa, shi ya sa kan ya ƙare." Aka yi dariya. Da safe ta ɗauki jaka.

To Auta, ga abin da ya dame ni. Ni kaɗai ne a gidan, kuma kin san kaina, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Amma jiya ya sake toshewa. In na zubar da ruwa a kicin, sai masai ya yi gurnani kamar cikin mai yunwa. Gashin wa kuma?

Ki ce mata ban iya zaman gidan nan ba. Na dafa shayi kofi biyu har sau huɗu.

Allah ya yi muku albarka.
Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Na isar da gaisuwarka. Ta ce ta ji.

Baba, ka yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a sa ni ba. Wata biyar ke nan Mama tana shan wani magani da likita ya ɗora ta a kai, shi ke zubar mata da gashi. Ta ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Ba ka lura ko barci da ɗankwali take yi ba? Kullum sai ta tattara abin da ya zube ta ƙulle a leda, don kada ko sili ɗaya ya shiga magudana. Sannan ka faɗi abin da ka faɗa a gaban matar tela. Wallahi da ta ba ni labari ni ma sai da na yi kuka.

Maganar bututu kuwa, ƙanen maigidana aikinsa ke nan, na karanta masa wasiƙarka. Ya ce in gashi ne ko maiƙo, wuri guda yake toshewa. In kuwa kicin da wurin wanka da masai duk sun yi nauyi lokaci ɗaya, kuma ana buɗewa yana dawowa bayan 'yan makonni, to matsalar tana babban bututun da ke fita waje. Ya ce ka duba ƙasar da bututun ya bi, ko akwai inda ta jiƙe ko ta lotsa, ko ciyawa ta fi tsanwa. Ya tambaya ko akwai bishiya kusa. Na ce akwai ɓauren Baba, wanda ba a taɓawa. Ya ce in an sake zaro abin, ka shanya shi ka kara masa ashana. Gashi nannaɗewa yake yi da ƙauri, saiwa kuwa ci take kamar kara.

Ka riƙa cin abinci, don Allah.

'Yarka,
Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

Na yi abin da ƙanen mijinki ya ce. Na shanya curin a kan bulo, na kyasta ashana. Ya ci sarai, da ƙanshin itace. Na tsaya ina kallon tokar kamar wanda aka karanta wa hukunci.

Sai na zagaya gindin ɓauren. Ƙasar wajen ta lotsa, in na taka tana nutsewa, ga wari, ga ciyawa shar a wuri guda kamar an shimfiɗa darduma. Shekara nawa ina alfahari cewa bishiyata ta fi ta kowa ganye a layin nan, alhali ban taɓa ba ta ko moɗa ɗaya ba? Har mutane nake koya wa yadda ake shuka. Ashe abincinta daga banɗakina yake zuwa.

Mai gyaran famfo ya haƙa. A mahaɗar bututu biyu saiwar ta sami 'yar kafa ta shige, ta yi kauri kamar hannuna, ta fasa bututun, ta baza 'ya'yanta a ciki kamar soson wanka. Ya ce, "Baba, ai wannan ta fi shekara biyar tana haya a gidanka." Na ce ya yi aikinsa, ba hira na kira shi ba.

Maganar maganin ce ta karya ni. Shekara arba'in da ɗaya muna ɗaki guda, na san ganyen bishiya ya ƙaru, ban san matata ba ta da lafiya ba. Wane irin ciwo ne? Me likitan ya ce? Kada ki ɓoye mini. Ki karanta mata wannan, ko tana kallon bango ne. Ki ce na yi kuskure, na tuba, ta dawo ta yi mini faɗan a nan. In ta ƙi, ni zan taho in zauna a ƙofar gidanki har mijinki ya gaji da tsallake ni.

Babanki.

*

Malam,

Ina gaishe ka. Da hannuna na rubuta, ba Auta ba. Ciwon da sauƙi, likita ya ce saura wata ɗaya a daina maganin.

Na ji ka tuba a takarda. Amma ba a takarda ka faɗa ba, a ƙofar gida ka faɗa, da sanda a sama. Waɗanda suka yi dariya ranar har yau sun san gashina ne. Bishiyarka kuwa ba ruwana da ita, ka sare ko ka bari.

Magungunan hawan jininka suna cikin gwangwanin da ke saman firji, na san ba ka nemo su ba.

Uwar yaranka.

*

Zuwa ga uwar yarana,

Sallama, da gaisuwa irin ta mai laifi.

Na ɗauki saiwar nan a kafaɗa, da warinta da komai, na bi layi. Na fara da tela, sai mai kanti, sai duk wanda ya tsaya kallo. Na ce, "Ku duba da kyau, wannan ba gashin kowa ba ne. Bishiyata ce, kuma bakina ne ya yi ɓarna." Mai kanti ya ce ya yafe, na ce ba kai na ɓata wa ba, shaida kawai nake nema. An sare ɓauren shekaranjiya, an sa sabon bututu. Yanzu rana har cikin falo. Na samo magungunan.

Tun jiya ake cewa wai za ki dawo ranar Asabar. Direba ne ya fara faɗa mini, ban yarda ba, don shi ko lokacin tashin motarsa ba ya faɗa daidai. Ban san ko gaskiya ce ko tausayina ake ji ba. Amma na wanke labule, na share ɗakinmu, don wadda ta faɗa mini ta ƙarshe matar tela ce, kuma da ƙyar maganar ta fito daga bakinta don kunyar dariyar da ta yi ranar. Mai ƙirƙirar magana ba haka yake yi ba.

Naki,
Malam.