Motata Tana Mutuwa a Tsaye, Kifi Yana Warin Hayaƙi

Malam Modibbo, don Allah ka taimake ni, na gaji. Direba ne ni a Yelwa. Bara na sayi wata a-kori-kura daga hannun wani Bature da ya gama aiki a Kainji, ina ɗaukar wa matan Warra kifi banda zuwa Sakkwato. Wata huɗu ke nan motar ta sa ni gaba. A kan hanya lafiya lau take gudu, amma da na tsaya sai ta kama rawa, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu. Bakanikena Lawali, wan matata ne, ya canza fulogi sau uku, ya wanke kafireta har na daina tambaya. Kunya ta hana ni zuwa wurin wani. Ba kuma rowa nake mata ba, don har man da ake haɗa wa jiragen ruwa nake sayo mata a bakin ruwan Warra, an ce yana tausasa inji. Kaina ciwo yake kullum. Yanzu Hajiya Barakatu, shugabar matan, ta ce kifinsu warin mota yake, in aka sake mako mai zuwa za su nemi wani direba. In suka tafi ban da wani abin yi.

Gajiyayye, Yelwa.

Malam Gajiyayye, sannu da fama. Wannan man jirgin shi ne ciwon motarka. Gauraye yake da baƙin mai. Injin jirgi haka yake so, na mota kuwa kunkunniya yake tara masa.

Irin motocin da Turawa ke zuwa da su suna da wani ɗan bawul da ke mayar da kaɗan daga hayaƙin salansa cikin inji ya sake ƙonewa. In mota tana tsaye, a rufe ya kamata ya kasance. Ina zaton kunkunniya ta danƙare naka a buɗe, shi ya sa take shaƙewa. Kada ka ga laifin Lawali sosai, motocin da ya saba da su ba su da shi.

Ku gwada tare. Inji ya yi zafi, a zare siririn tiyon da ke kan bawul ɗin, a toshe shi da yatsa. In rawar ta tsaya, laifin daga tiyon yake, ku bi shi ku ga inda aka haɗa shi ba daidai ba. In ba ta tsaya ba, ku kwance bawul ɗin, a kankare, a wanke da kananzir. A zubar da man da ke tanki. A duba salansa ma, lalle ta fashe a wani wuri, hayaƙin yana shigar kifin, kai ma kana shaƙarsa, kuma ciwon kan nan ya fi kifin tayar mini da hankali.

Kada ka yi lodin wannan makon. Ka je da ƙafarka ka faɗa wa Hajiya gaskiya, ka samo musu wata motar da kanka. Za ta fi yafe maka mako ɗaya a kan kwandon da ya lalace. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo maka da su.