Shafukan da Suka Yi Ƙarnin Kifi

Zuwa ga ɗiyata ta fari, mai aikin jinya a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Mu nan Madarumfa sai godiyar Allah. Tafki ya cika bana, hatsi ya shiga rumbu, mahaifiyarki kuma tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙar uba zuwa ga ɗiyarsa a zauren waya na tsofaffin ɗaliban lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta firamare, inda kowa zai karanta. Da gangan na yi haka. Abin da zan yi magana a kansa ya faru ne a tsakiyar filin lakwal, shekara talatin da ɗoriya ke nan, lokacin ina dirakte, shugaban lakwal ɗin, ke kuma kina aji huɗu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan suna tsaye a layi a ranar. Tunda a gabansu aka yi, ya kamata a gabansu a gyara. Zan fara da abin da ya tayar da maganar, sannan in zo kan ita kanta.

Kin san tun da na ajiye aiki nakan zauna bayan la'asar a shagon Malam Habu tela, kusa da tasha, saboda yana da tele, wato talabijin, kuma ba ya korar tsofaffi. Ranar Asabar da ta wuce muna jiran labarai sai aka sa wani shiri na yara da Faransanci. Habu ya miƙe zai canza tasha, Alhaji Sale direba, mai jigilar Jibiya, ya ce a bari, ya hango akwatin gawa, yana so ya san wa ya mutu. Aka ce ni in fassara, tunda ni ne Mushe, malamin boko.

Ban daɗe da fara fassara ba na gane labarin. Daga littafi aka ɗauko shi, kuma ke da ni mun san littafin.

Ina tunatar da ke, saboda masu karatu. Yarinya ce marainiya a hannun kawunta, kafinta mai yin akwatin gawa, a wani gari inda mutane suka ƙi mutuwa har sana'arsa ta kusa durƙushewa. Kwatsam sai manyan gari suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ita kaɗai ta lura akwatunan ba su da nauyi, don masu ɗauka har hira suke yi a hanyar maƙabarta. Ashe mamatan suna nan da ransu a wani ɗaki ƙarƙashin gidan kawun, sun gudu ne daga surutun iyalansu, suna karta suna cin burodi. Duk babban da ta gaya wa, sai ya shafa kanta ya ba ta alewa.

Tsofaffin nan sun yi dariya har Habu ya ɗinke aljihun wani bawan Allah ruf. Alhaji Sale ya ce in da gaske ana yin haka a sa sunansa, amma Turawa akwai ɓarnar katako, likkafani ai ya isa. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

A kashin da aka nuna ranar, yarinyar ta samo shaida. Ta kawo tabaran magajin gari, wanda aka binne mako guda da ya wuce, ta ajiye a gaban manya. Maimakon su tambaye ta inda ta samo, sai suka ce ta saci kayan mamaci. Aka tsayar da ita a dandali. Kawunta yana wurin, ya fi kowa sanin gaskiyarta, tunda shi ya ƙera akwatunan. Ta juyo ta dube shi, shi kuwa ya sunkuya yana gyaran maɓallin rigarsa.

A nan fassarata ta tsaya. Habu ya ce, "Mushe, me ya ce?" Na ce bai ce komai ba. Alhaji Sale ya buga cinya ya ce, "Wannan ba kawu ba ne, guntun katako ne aka sa wa hula." Na ce musu lokacin salla ya gabato, na ɗauki sandata.

Yanzu ga maganar.

A shekarar nan an kawo wa lakwal ɗinmu kyautar littattafai kwali guda. Muka zuba su a kabad ɗin ofis, mabuɗi ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun mataimakina, marigayi Mushe Garba. Doka ita ce ba a fita da littafi daga harabar lakwal, kuma ni na kafa ta. Ke kin fi kowa zaman gaban kabad ɗin nan. Lokacin hutun rabin rana yara suna wasan gada, ke kina bakin ƙofar ofis da littafin akwatunan a cinyarki, kina dariya ke kaɗai.

Dariyar taki ce ta ja ni. Wata Alhamis bayan an tashi na ɗauki littafin na sa a aljihun babbar riga na kai gida. Ban gaya wa Mushe Garba ba. Dirakte guda, mai gemu, ya ce zai ari labarin yara? Na karanta har babi na tara, aka yi sallama da ni a zaure, na ɗora shi a kan tarin tsofaffin kaye, littattafan rubutun ɗalibai, da ke bayan ƙofa, na fita.

Kin san tarin nan na wace ce. Gwaggonki Abu, yayata, Allah ya jiƙanta, tana soya kifin tafki a bakin kasuwa, kuma duk ƙarshen wata takan aiko ko ta zo da kanta ta kwashi tsofaffin kayen ɗalibai don naɗe kifi. Ba ta yi boko ba. A wurinta duk abin da na ajiye bayan ƙofar nan na gama da shi. Ta zo ba na nan, ta kwashe duka.

Da na dawo na ga wurin wayam, na gane. Da na tafi a lokacin da na iske rabin littafin. Amma na ji nauyin in tsaya a bakin kasuwa ina cewa yayata ta mayar mini da abin da ta ɗauka. Na ce sai gobe. Goben ta zama Litinin, kuma ran Litinin Mushe Garba ya ƙirga kabad ya ce littafi ɗaya babu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne aikin da ke kika yi a kwanakin nan. Gwaggonki ta ba ki kifi ran Juma'a, kika buɗe takardar, kika ga sunan yarinyar littafin a jiƙe da mai. Daga nan kika bi gari. Kin je tasha wurin direbobi, kin je rumfar mahauta, kin bi bayan masu shan shayi kina tsintar abin da suka yar. Shafi goma sha ɗaya kika haɗa. Kika goge su, kika jera su bisa lambarsu, kika danne a ƙarƙashin tabarmarki don su miƙe. Mahaifiyarki ce ta ba ni wannan labari daga baya. Ta ce kin ce za ki kai wa Baba, shi zai san abin yi.

Ba ki samu kin kawo mini ba. An tara lakwal a fili, aka ce kowa ya zazzage jakarsa, shafukan suka faɗo daga taki.

Kika ce, "Wurin masu cin kifi na samo su." Fili ya ɗauki dariya. Ba ki kira sunan gwaggonki ba, kina da shekara tara, kin riga kin san ba a yin haka. Mushe Garba ya miƙo mini shafukan. Tun kafin su iso hannuna ƙarnin kifi ya riga su.

Sai ya matso ya ce, a hankali amma ba a hankalin da malamai ba za su ji ba, "Dirakte, ɗiyarka ce, a bar maganar." Da alheri ya faɗa. Amma kin san yadda aka raine mu. Mutum ba ya tsaya wa ɗan fari a gaban jama'a. Ba ya yabonsa, ba ya kare shi, ko sunansa ba ya kamawa. In rigima ta haɗa naka da na wani, naka kake bai wa rashin gaskiya, a ce kana da kara. Ga kuma yayata a ɗaya gefen, wadda ta goye ni. Na ce, "A yi mata abin da ake yi wa kowa, a ƙara."

Kika yi durƙuso a tsakiyar fili har aka tashi, shafukan a kanki. Aka hana ki kabad har kika gama lakwal. Wani yaro ya ce ga Gara mai cin takarda, sunan ya zauna.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina kara na yi. Mutanen gari ma haka suka ɗauka. Har sarkin kasuwa na lokacin ya tare ni ya ce, dirakten da bai bar ɗiyarsa ba, wa zai bari? Na karɓi yabon. Ɗiyata, yau ina rubuta miki cewa ba kara ba ce. Kara ita ce mutum ya haƙura da haƙƙinsa. Ni naki na bayar, don kada a ji cewa wanda ya kafa doka shi ya karya ta, a kan littafin yara. Al'adar ba ta ce in yi ƙarya ba, ni ne na sami wurin ɓuya a bayanta.

Gwaggonki ban taɓa gaya mata ba, kuma ina roƙon kada kowa ya ɗora mata komai. Abin da aka saba ba ta ta ɗauka. Abu ɗaya na lura: daga wannan shekara ba ta sake zuwa kwasar kaye ba, ta koma takardar buhun siminti. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kin tuna yadda take ware miki kan kifi mafi girma ko da kin zama babbar mace. Wataƙila ta sani, wataƙila ƙauna ce kawai. Ta tafi da amsar.

Ke ma ba ki taɓa tayar da maganar ba. Kin ci jarrabawa, kin tafi Maradi, kin wuce Yamai, kin yi aure. Ba ki taɓa fasa gaishe ni ran salla ba, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai tun da kika bar gidan nan ba ki kwana biyu a jere a cikinsa ba, kuma in muna waya, daga lafiya sai lafiya.

Ranar addu'ar bakwai ta gwaggonki kin taho tun daga Agadas da jakar kwana uku, na gan ta da idona. Kina shigowa wata daga cikin 'yan ajinku, yanzu har da jikoki, ta ɗaga murya cikin murna ta ce, "Lale, Gara ta iso!" Ba da mugunta ta faɗa ba, ta ma manta asalin sunan. Babbar ɗiyarki tana bayanki, na ji ta tambaye ki me ya sa ake ce miki haka. Ina zaune a zaure, taku kaɗan tsakaninmu. Kika yi gaisuwa, kika yi addu'a, kafin la'asar kin shiga motar Maradi.

A ranar ma ban ce komai ba. Sai da Alhaji Sale ya zagi wani kafinta na cikin tele, bai san da wanda yake ba, sannan na ɗauki alƙalami.

Ban san yadda labarin ya ƙare ba. Ni a babi na tara na tsaya, ke kuma ban san inda kika kai ba kafin a raba ki da shi. Habu ya ce za a ci gaba da nunawa, na ce ba zan kalla ba. Ba na so in ga an wanke kawun nan da wata dabara ta masu shirin, in ji sanyi a raina ban yi komai ba.

Uwata, ki yafe mini. Ba na cewa ki zo, hanya da nisa, aiki kuma ba ya jira. Ba na cewa ki amsa a nan inda kowa ke gani. In kin ga dama ki yi shiru, kin gada. Ina so dai ki sami abin da za ki gaya wa jikata in ta sake tambaya. Ki ce mata a lakwal ɗin nan kaf, da malamai da dirakte, yarinya ɗaya ce ta bi sawun littafin har ta samo shi, kuma ke ce. Ɗakin da ke kusa da na mahaifiyarki an sake masa rufi bana, ba ya yoyo.

A ƙarshe, ina miƙa roƙo ga dukkan 'yan wannan zaure, ɗalibaina na da, maza da mata, na gida da na nesa. Ina neman haɗin kanku a kan abu biyu. Na farko, wanda ya karanta ya karanta wa wanda ba ya cikin zauren, musamman waɗanda suka tsaya a layi ran nan. Na biyu, daga yau a ajiye wancan suna, a wasa ko a gaske, a gabanta ko a bayanta. In wani ya ga lalle sai an kira wani da shi, ga ni a shagon Habu kullum bayan la'asar, zan amsa. Ita kuwa sunanta Zainabu, sunan mahaifiyata. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi ba a rajistar aji ba.

Allah ya jiƙan Yaya Abu da Mushe Garba, ya haskaka makwancinsu. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a, ya ba ki 'ya'ya masu gaya miki gaskiya, ya ba ki kunnen jin ta. Ni kuma ya yafe mini, bayan ke kin yafe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mushe Lawali, tsohon dirakte,
Madarumfa.