Ni Na Kai Maganar Wurin Yaya Alhaji

Zuwa ga aminina Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma dariya za ka yi, ka ce Haruna mai gyaran firiji ya zama marubuci. Da Faransanci na fara, na yage. Maganar ta ƙi shiga Faransanci.

Saura kwana kaɗan wata biyar ya cika da muka kai ka. Balkisa ta fita takaba. Tana nan gidan mahaifinta a unguwar 220 Logements ita da 'yan matanku. Hadiza ta ci jarrabawa, ta wuce aji na gaba. Ƙaramar har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙasan bene sai ta ruga taga. Yayanka Alhaji Isufu ya tsufa a wata biyar ɗin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Yana zuwa shagon albasa, ya zauna a kan buhu, ba ya ciniki, ba ya faɗa da kowa. Ka taɓa ganin Yaya Alhaji ya yini bai yi wa kowa tsawa ba?

Jirgin ruwan da muka haɗa yana nan Treichville, a filin Kwasi. Ya rufe shi da tampol, ya ɗora duwatsu. Dirisa bai ƙara taka wurin ba. Ni kuma ina zuwa jefi-jefi, in tsaya daga bakin ƙofa.

Ka tuna yadda muka fara? Kai ka zo shagona da waya a hannu, ka nuna mini wani mutum a wata ƙasa yana haɗa ƙaramin jirgin ruwa da allunan soso mai tauri, irin wanda nake sawa a bangon ɗakin sanyi. Ka ce tun muna yara a Bromakoté muke hango babban ruwan lagun daga kan gada, ba mu taɓa hawan ruwan da abin kanmu ba. Kwasi, tsohon mai walda na tashar jiragen ruwa, ya ba mu gefen filinsa da tsohuwar kwantena mu ajiye kaya. Dirisa ya kawo allunan a saman tasinsa. Mu huɗu, kowace Lahadi, shekara biyu.

Kai ka fi mu hannu, wannan ba gardama. Kai kake fere bakin allo a karkace don ya hau kan ɗan'uwansa, ka goge shi, ka busa ƙurar. Kai ka koya mana awon gam ɗin efoksi da kofin yawur: biyu na mai kaurin, ɗaya na ruwan da ke sa shi daskarewa. Ka zuba garin katako kana juyawa har ya yi kauri kamar tigadege, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ka shafa a bakin duka biyun, ka haɗa, ka shimfiɗa leda a kai. Da yake ba mu da abin matsewa, akwatunan giya muke jerawa a kan haɗin su danne shi. Kwasi yakan ce ba a taɓa akwati sai gam ya kama, don haka kullum muna sayen na sha daban.

Ni na fara miƙa maka kwalba, Lawali. Wannan ka sani. A Lahadi ta uku ne, rana ta yi zafi, ka ce ba ka sha, na ce wa zai gan ka a Treichville bayan katangar kwano? Ka kurɓa, ka yamutsa fuska, muka yi dariya. Daga nan kwalba biyu kake sha, wani lokaci uku, ka tauna citta, ka hau gbaka, motar haya, ka koma Adjamé kamar ba kai ba. Ba ka taɓa makara a shagon Yaya ba. Ba ka taɓa ɗaga wa Balkisa murya ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin da ya sa na daina. Na ce muku tuba na yi. Ƙarya ne. Likita ne ya auna jinina ya ce in na ci gaba ba zan yi nisa ba. Tsoro ne ya kama ni, sai na sa masa rigar tuba don ta fi kyan gani. Kuka laƙaba mini Liman. Ina zaune da ruwan leda, kuna buɗe kwalabe masu raɓa, maƙogwarona yana motsi. Haushinku nake ji, kai musamman, don kai abin bai taɓa ka ba.

Sai ranar da na ce ku bar mini haɗin allunan ƙasan jirgin. Na ce ni ne mai hankali a jiki, ni zan yi. Ban san yadda na yi ba, ko na manta kofi ɗaya ko ban juya sosai ba. Da muka dawo bayan mako guda, muka sauke akwatunan, ka danna babban yatsanka a haɗin, ya lotsa kamar cingam. Ka ɗauki wuƙa ka yanke aikina gaba ɗaya, ka ɗaga shi sama yana naɗewa. Ka ce ga aikin wanda bai sha ba, ku zo ku gani. Ka ce a ba Liman kwalba ɗaya ko hannunsa ya dawo. Kwasi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Dirisa yana buga cinya.

Wasa ne. Na san wasa ne. Sau nawa na yi maka wanda ya fi wannan tun muna 'yan makaranta a lakwal? Amma ranar na koma gida da abin a ƙirjina, na kwana da shi, na tashi da shi.

Litinin da safe na je shagon Yaya Alhaji, na san ka tafi karɓar kaya a tasha. Na gaishe shi, na zauna, na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Na ce masa don Allah nake faɗa, don ina tsoron lahirarka. Da ya ce ƙaninsa ba zai yi haka ba, na ciro waya na nuna masa hoto: kai a tsaye gefen jirgi, kwalba a hannun hagu, kana dariya. Ni na ɗauki hoton, kai ka ce in ɗauka.

Ni ne, Lawali. Ba Dirisa ba ne.

Na zaci faɗa zai yi maka ya hana ka zuwa Treichville, shi ke nan. Haka nake gaya wa kaina. Amma ai na san Yaya Alhaji tun ina ɗan shekara shida. Na san ba ya yin abu rabi. Ya tara mutanen gida a tsakar gida, ya karɓi mabuɗan shago a gaban matarka, ya ce kada ka ƙara kwana a gidan mahaifinku. Kafin mako ya ƙare surukinka ya zo ya kwashe Balkisa da yaran.

Kuma wurin wa ka fara zuwa da jakarka? Wurina. Ka tsaya a ƙofar shagona ka ce in ba ka wurin kwana na 'yan kwanaki. Na ce ɗakina ya yi ƙanƙanta. Gaskiyar ita ce ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da kai ina jin numfashinka ba. Ka ce ba komai. Sai ka tambaye ni wa nake ganin ya kai maganar. Na ce ban sani ba. Ka ce Dirisa ne, don yana ɗaukar 'yan kasuwar albasa a tasinsa, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Ban musa ba. Lahadin da ta biyo ka ci kwalarsa a gabana, yana rantsuwa da kabarin uwarsa, ina tsaye ina riƙe da takardar gugar allo. Kalma ɗaya ce za ta raba ku. Ban faɗe ta ba.

Ka koma kwantena da zama. Wata huɗu. Kwalba biyun Lahadi ta zama ta kullum, ta safe da ta rana. Ina kawo maka garba, abincin garin rogo, da soyayyen kifi a leda, ka ci rabi, ka yi mini godiya, ka ce ni kaɗai na rage maka. Ka san yadda wannan godiyar take a kunnena? Ina kallon wuyanka yana zurmawa cikin riga. Abu ɗaya ne bai lalace ba, hannunka. Ko ka sha, haɗinka ba ya karkacewa. Ka ce in ka gama jirgin za ka sa masa sunan Hadiza, ka ɗauki hotonsa a kan ruwa ka aika wa Yaya, ya ga ba shan giya kaɗai kake yi a Treichville ba.

Sai damina ta sauka, ruwa kwana da kwanaki. Allon baya kaɗai ya rage, kuma gam ya ƙi kamawa saboda laima. Ranar Asabar da azahar ka kira ni. Ina durƙushe bayan firijin wata mata, waya a maƙale a kafaɗa. Ka ce kwana uku ke nan haɗin yana danƙo, me za ka yi? Na ce zafi yake so, ka samar masa ɗumi, kada iska mai laima ta shiga. Na ce zan kira ka in na gama. Ban ce ka hura gawayi ba, Allah shaida ne. Amma ban ce kada ka hura ba. Ni da nake gargaɗin mutane kullum kada su kunna janareta a ɗaki rufe, me ya hana ni ƙara magana ɗaya? Kuma ban kira ka ba.

Kwasi ya same ka Lahadi da safe. Ka ja ƙofar kwantena ka ɗaure ta da igiya daga ciki, sai da ya sa ƙarfe ya ɓalle. Murhun gawayi a ƙarƙashin allon baya, gawayin ya zama toka. Kwalabe uku. Kai kuma kana kwance a gefen jirgin, ka yi matashi da guntun soso, kamar mai jiran aiki ya bushe. Da na iso, 'yan sanda ba su zo ba tukuna. Ban san me ya sa na kai hannu na taɓa haɗin ba. Ya kama. Ya yi tauri kamar dutse.

Ni da Yaya Alhaji muka yi maka wanka, da wani dattijo daga masallaci. Efoksi ya bushe a yatsunka da gefen farcenka, dattijon ya ce dole a cire don ruwa ya taɓa fata. Ni na san abin, ni aka ba reza. Na riƙe hannunka ina kankarewa a hankali, yatsa bayan yatsa, ina tsoron kada in yanke ka. Yaya yana riƙe da buta, ruwan yana zuba a ƙasa bai sani ba. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Har yau ba mu haɗa ido ba.

An yi maka salla a babban masallacin Treichville. Mutane sun zo, duk da wasu sun yi ta ƙus-ƙus a sahun baya. Kwasi ya tsaya a tsallaken titi cikin ruwa, hularsa a hannu, har aka gama. Dirisa, wanda ka mutu ba ka yi masa magana ba, shi ya ɗauki gaban makara, ya ƙi ba kowa har bakin mota.

Na koma sha. Ni kaɗai, a ɗaki, ƙofa rufe. A unguwa har yanzu Liman ake ce mini, wasu ma da gaske suke. Ranar sadakar arba'in wani ya miƙe ya ce da ka bi shawarar abokinka Haruna da ba haka ba. Mutane suka gyaɗa kai. Na zauna na karɓi wannan ma.

Shekaranjiya Balkisa ta aiko a kira ni. Na hau benen, ta kawo mini ruwa, ta zauna nesa kaɗan. Ta rame ƙwarai. Ta ce ita ta san kana sha tun shekarar farko, tana jin warin a rigarka, ta yi shiru don tana ganin kana dawowa gida da fara'a, tana yi maka addu'a a ɓoye. Ta ce ba giyar ce ta fitar da kai daga gida ba, wanda ya kai maganar ne. Ta je wurin Yaya Alhaji sau biyu ta roƙe shi sunan mutumin, ya ƙi. Ba fansa take nema ba, in ji ta. So take ta san fuskar, don kada wata rana ta gaishe shi a hanya, ko ta bar 'ya'yanta su karɓi abu daga hannunsa. Tana faɗar haka ƙaramar tana zaune a cinyata tana cin biskit ɗin da na kawo.

Ta ce ni ne amininka, na san duk wanda ka sani. Ta ce in taya ta nema. Na ce to.

Gobe bayan la'asar zan koma, in gaya mata ni ne. Daga shagona zuwa gidan tafiyar ƙafa ce, ba ta kai minti goma ba. Zan roƙi mahaifinta ya zauna, a fitar da yaran. Daga can zan nemi Dirisa a tasha. Ban san abin da za ta ce ba. Ban ma san ko ƙafafuna za su hau benen ba, shi ya sa na fara gaya maka, don in na juya a hanya ya zama akwai wanda na yi wa alkawari.

Ba zan ce ka yafe mini ba. Lokacin da kake iya yafewa ina kawo maka garba ina rufe baki.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya maka Hadiza da ƙanwarta. Sai mun iso.

Wanda ka ɗauka amini,
Haruna