Jan firaiman surukina

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. Don Allah jama'a ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina.

Ni mutumin Haɗeja ne, ina da tsohuwar akori-kura da nake ɗauko shinkafa da kifi daga ƙauyukan fadama, da ita nake ci da iyalina. Ambaliyar bara ta same ta a hanyar Baturiya, ta yi kwanaki cikin ruwa, injin dai an tashe shi, amma tsatsa ta kama ƙasan bodin har wani wajen ana hango titi. Na tara ɗan abin da zan tara don a kankare ta a sake fenti. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce, mai shiga ruwa kamar ni sai a goge ƙarfen da samfefa har ya yi fari, sannan a fesa firaima na epoksi kafin fenti, shi ne ba ya shan ruwa. Har na sayo gwangwanin na ajiye a ɗaki.

To surukina tsohon mai fentin mota ne, a da har daga Malam Madori ake kawo masa aiki. Yanzu idonsa ya yi rauni, kwastomomi sun watse, kullum yana zaune a zaure. Matata ce ta ba shi labari ba da sanina ba, kawai sai ya aiko a kai masa motar, shi zai yi, kuma ba ya son ko sisi. Kun san mu da suruki, ko ido ba na haɗawa da shi, balle in ce a'a. Na durƙusa na yi godiya na kai, kunya ta hana ni ko ambaton gwangwanin epoksin.

Jiya na leƙa garejin nasa. Jan firaima irin na da ya shafa, wanda ake sa wa ƙyauren gida, kuma a kan tsatsar ya shafa, don da tafin hannu yake laluben ƙarfen, ba ya ganinta. Na sa farce a gefen ƙofa sai ga ɓawo ya ɗago. Shi kuwa yana murmushi ya ce, "Yaro, wannan har jikokinka za su hau." Na ce Allah ya ƙara girma Baba.

Da na yi wa matata maganar a gida sai ta hau kuka, wai tunda motar nan ta shiga garejin babanta ya koma cin abinci sosai, yana fita da sassafe yana raha da mutane, in na ɗauke ta in san na kwantar da shi. Na ce idan bodin ya zube damina mai zuwa me za mu ci, ta ce Allah na nan. Na je wajen wana ko zai yi masa magana, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da surukinsa.

Ranar Asabar zai fesa fentin sama, daga nan magana ta ƙare. Kuma ya gama gaya wa abokansa a masallaci cewa surukinsa ya ƙi kai mota Kano saboda ya yarda da hannunsa.

Wallahi ina son motar nan, kuma ina jin kunyar mutumin nan. In yi shiru tsatsa ta cinye abincin 'ya'yana, ko in je in gaya wa dattijo cewa idonsa ya daina gani? Ku da kuke da surukai, ta ina ake fara irin wannan maganar?